Muna ta maganin basir, ashe dajin hanji ne

Assalamu alaikum jama'a. Maigidana Allah ya yi masa rasuwa a 2023 yana da shekara 38, ciwon dajin hanji ne ya zama ajalinsa, kuma har yau in na faɗi haka a garinmu sai an samu mai gyara min zance ya ce a'a Malama, ai basir ne ya ci ƙarfinsa. Wasu kuma a bayan idona cewa suke jifa ne. Toh ni dai ni na yi jinyarsa, takardun asibitin duk suna hannuna, shi ya sa na ce bari in faɗi abin yadda ya faru ko Allah zai sa wani ya tsira.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, ba mu da nisa da kogi. Ni ina koyarwa a firamaren garinmu, shi kuma manomi ne, shinkafa da damina, da rani ya ja injin ban ruwa ya yi alkama da ɗan tumatir, ranar kasuwa ya tafi Gujungu. Mutum ne dogo mai jiki, shi kaɗai yake cicciɓar buhun shanshera ya ɗora a mashin. Ba ya shan taba, ko goro ma bai dame shi ba, abincinsa kuma irin namu ne na ƙauye, tuwo da miyar kuka da fura. Wlh duk wanda ya gan shi a lokacin ba zai taɓa kawo masa wani ciwo a rai ba.

Daminar 2021 abin ya fara. Abin da na fara lura da shi buta ce, sai in ga ya ɗauki buta ya zaga, ya daɗe, ya fito, kafin ya zauna ya sake ɗauka. Na yi shiru dan kun san mace ba ta fara yi wa miji irin wannan tambayar. Sai ranar da nake wanki na ga jini a wandonsa, ba ja jawur ba, ya ɗan yi duhu kuma haɗe da wani abu mai yauƙi. Da daddare na ce Malam lafiya kuwa, me na gani a kayanka? Ya yi dariya ya ce haba Malama, wane namiji ne a ƙasar nan ba shi da basir, zaman mashin ne da yaji. Kuma tsakani da Allah maganar ta shige ni, dan haka kowa yake faɗa, duk namijin da ka taɓa sai ya ce maka basir na damunsa.

Daga nan aka shiga sayen magani. Masu mota da lasifika a kasuwa, waɗanda ke jero cuta ashirin su ce jarka ɗaya ta gama da su, babu irin jarkar da bai shigo da ita gidan nan ba, wata baƙa wata ja, ga ɗaci. Inna mahaifiyarsa ta haɗo sassaƙe ana dafawa, ana jiƙa bagaruwa yana shiga ruwan. Sai jinin ya ɗauke kwana biyu a ce alhamdulillahi magani ya karɓe shi, sai kuma ya dawo. Wannan ɗaukewar da dawowar ita ta fi yaudarar mu. Da aka ga har da gudawa sai kemis ya ce atini ne ya ba da Flagyl. Bayan nan aka ce taifot, aka yi allurai. Da ciwon ciki ya shigo aka ce olsa ce, ya bar yaji da tsami. Wani sati gudawa, wani sati kuma ya kasa yi kwata-kwata, in ya yi ma sai ya ce yana fita siriri kaman fensir kuma yana jin bai gama ba.

Yana ta ramewa. Rigunansa na Sallah suka yi masa yawa, wuyansa ya fito, idonsa da tafin hannunsa suka yi fari fat. Mutumin da yake wuni a fadama sai ga shi kafin azahar ya dawo yana haki.

Mun je wani asibiti, ba zan faɗi sunansa ba. Aka auna jini aka ce ya yi ƙasa sosai, aka ƙara masa leda, aka ba shi maganin ƙarin jini da na tsutsar ciki aka sallame mu. Ya faɗa musu da bakinsa yana ganin jini a bayan gida, ina tsaye a wajen, mai duba shi ko kai bai ɗaga daga takardar ba ya ce basir ne, a rage yaji. Babu wanda ya ce ya hau gado a duba wajen. Namiji ɗan shekara talatin da wani abu jininsa ya ƙare har sai an ƙara masa, ba haihuwa ya yi ba, ba hatsari ya yi ba, amma babu wanda ya tsaya ya tambaya ina jinin yake tafiya. Wannan abin har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Sai ga ambaliyar 2022, duk ɗan Jigawa ya san abin da ruwa ya yi a shekarar, mu nan Ringim ba a magana. Shinkafarsa kaf ta tafi. Maganar asibiti ta sake komawa baya dan ana ta abin da za a ci.

Bayan ruwa ya janye ne ya faɗi a bakin masallaci, jiri ya kwashe shi, aka kai shi wani asibitin daban. Allah ya haɗa mu da wani yaron likita ɗan bautar ƙasa, Hausarsa ma ba ta nuna ba sai da nas tana fassara. Ya yi ta tambaya, yaushe ya fara, jinin a kan bayan gidan yake ko a cakuɗe, ya rame ko haka yake. Sannan ya ce zai sa safar hannu ya duba ta dubura da yatsa. Malam ya ce sam, shi ba za a yi masa wannan ba, ya fara laluben takalminsa. Ƙaninsa ne ya riƙe shi ya ce Yaya dan girman Allah ka tsaya, likita ne, lalura ce. Na fita na ba su waje. Abin ko minti biyu bai ɗauka ba. Da na dawo fuskar yaron nan ta canza, ya ce akwai basir kam ɗan kaɗan, amma can sama da shi ya taɓa wani tsiro mai tauri wanda ba basir ba ne, mu tafi Kano a satin nan kar mu jira. Abin da aka kwashe fiye da shekara ana sha wa jarka, yatsa ɗaya ya gano shi.

Ku riƙe wannan dan Allah, mutum zai iya samun basir na gaske kuma ga daji a samansa. Samun ɗaya ba ya kore ɗaya.

Muka sayar da tumakina muka hau mota ta Gezawa muka sauka 'Yankaba, daga nan adaidaita zuwa Asibitin Malam Aminu Kano. A can na fara jin sunan kolonoskofi. Wata doguwar roba ce mai laushi da kyamara da fitila a bakinta, ana zura ta ta dubura ta bi babban hanji, wanda likitan ya ce tsawonsa ya kai wajen mita ɗaya da rabi, suna kallon komai a talabijin. Ana gobe za a yi ba a cin abinci mai nauyi, sai ruwa-ruwa, sannan a ba ka wani magani ka dama a ruwa mai yawa ka yi ta sha ya wanke cikin tas. A gidan wata 'yar uwarmu a Hotoro muka kwana, daren nan Malam bai runtsa ba, shi da banɗaki, ni kuma ina cika buta. Shi gwajin kansa an yi masa allurar da ta sa shi gyangyaɗi, da ya farka ma cewa ya yi wai yaushe za a fara. Suka gutsuri naman tsiron aka kai ɗakin gwaji, aka ce mu dawo, aka kuma rubuta a yi sikanin, wato hoton ciki gaba ɗaya.

Ranar da muka koma karɓar sakamako babban likitan ya sa aka ba mu kujera, ya ce Malam wa ka zo da shi, ya ce iyalina ce da ƙanina. Ya ce toh, daji ne, kuma hoton ya nuna ya riga ya tsallaka hanta. Mataki na huɗu, wato na ƙarshe. Malam ya ce Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya yi shiru, can ya ce likita ai na ɗauka ciwon tsofaffi ne da Turawa. Likitan ya ce a'a, a nan wajen namu da yawan waɗanda suke gani ba su kai hamsin ba, kuma galibi sai abu ya yi nisa ake zuwa. Ya ɗauki biro ya zana mana hanji a bayan fayil. Ya ce yawanci ciwon nan ba rana ɗaya yake faɗowa ba, ɗan tsiro ne ƙarami yake fitowa a jikin hanji ta ciki, ba ciwo ba komai, ya yi shekaru, wani har wajen goma, kafin ya rikiɗe ya zama daji. In an gan shi yana ƙarami, da wannan robar mai kyamara ake tsinke shi a take, mutum ya tashi ya tafi gida. Ko ya zama dajin ma, in bai fita daga hanji ba, a ƙasashen da ake kama shi da wuri kusan 9 cikin 10 suna wuce shekara biyar da ransu. In ya kai hanta kuma lissafin ya juye.

Sai ya yi wata tambaya da ta sa ƙanin Malam ya sunkuyar da kai. Ya ce akwai wanda ya taɓa irin wannan a gidanku? Ashe mahaifinsu, wanda ni ban tarar da shi ba, haka ya rasu bai fi hamsin ba, wai basir mai jini, ya rame, cikinsa ya kumbura. Ba a taɓa kai shi Kano ba balle a san mene ne. Likitan har ya tambaya ko akwai mace a dangi da ta yi dajin mahaifa, ya ce akwai wani iri mai bin jini da yake haɗa su biyun.

An yi masa tiyata dan tsiron ya kusa toshe hanya. Ba cire ciwon aka yi ba, hanji aka fito da shi ta gefen hagu na cikinsa aka manna jaka, bayan gida yana zuba a ciki. Jama'a wannan jakar ita ta fi karya masa zuciya, fiye da sunan ciwon ma. Satin farko ko kallon wajen ba ya yi. Wata nas, Allah ya saka mata da alheri, ita ta koya min, a ɓare a hankali, a goge da ruwan ɗumi da auduga ba sabulu mai ƙamshi, a bari fatar ta bushe sosai, a yanka bakin sabuwar daidai girman naman da ya fito, ja ne sumul kuma ba ya jin zafi in an taɓa, in ka yanka ya yi faɗi kashin ya taɓa fata sai ta saɓule. A garinmu babu mai sayar da jakar, har Ringim babu, sai an aika Kano, ga tsada, in ta kusa ƙarewa sai in ga ya rage cin abinci wai dan kar ta cika da wuri. Da asuba nake canza masa kafin yara su tashi, in kunna turaren wuta. Ya kan ce Malama ki yafe min, in ce Malam in ka sake faɗin haka zan kira Inna ta zo ta yi maka.

Ya daina zuwa masallaci, wai shi mai najasa ne kar ya ɓata wa mutane sahu. Sai da Liman ya zo har ɗaki ya zauna a bakin katifa ya ce masa hukuncinka na mai lalura ne irin mai yoyon fitsari, ka tsaftace iya iyawarka ka yi alwala ka yi sallarka, Allah bai ɗora maka abin da ba za ka iya ba. Juma'ar da ta biyo ya sa babbar riga ya tafi.

Sai kemo, wato maganin da ake bayarwa dan ya kashe ƙwayoyin dajin. Ƙarin ruwa ne duk bayan sati uku a Kano, sannan ƙwayoyi na sati biyu a gida. Gashinsa bai zube ba yadda ake faɗa, amma tafin hannunsa da na ƙafa suka yi baƙi suna ɓawo, kuma ya daina iya taɓa abu mai sanyi, ga shi lokacin hunturu ne, in ya sa hannu a ruwan randa sai ya ce kaman an ja masa lantarki. Ruwan alwala da na sha duk sai na ɗumama. Ana cikin haka aka yi canjin kuɗi farkon 2023, ga kuɗin a akawun amma babu takarda, direba ya ce shi ba ya karɓar taransifa, mai POS ya ce babu, akwai zuwan da muka rasa saboda haka kawai. Injin ban ruwa ya tafi, mashin ya tafi, gonar da ya gada aka jinginar. Ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka. Ban faɗi wannan dan neman taimako ba, na faɗa ne dan masu cewa gwaji tsada. Abin da muka kashe a wata ɗaya na jinya ya isa a yi wa 'yan gidansu da yawa gwajin.

Masu zuwa dubiya kuwa kowa da nasa. Wannan ya ce daji ba ya son ƙarfe, tunda aka taɓa shi da wuƙa shi ke nan ya fusata. Wannan ya ce akwai wani mai magani a Nijar. Ni dai na san tun kafin wuƙa ta taɓa shi hoton ya nuna abin a hanta, da idona na gani.

Bayan babbar Sallah idonsa ya koma ruwan ɗorawa, ciki ya cika da ruwa, likitoci suka ce kemo ba ya yi kuma, suka ba mu maganin rage raɗaɗi na sha, mofin, suka koya min yadda ake aunawa. Ya ce a mai da shi gida. Ya rasu a ɗakinsa da damina, Inna na gefe ɗaya ina gefe ɗaya, ya bar min yara huɗu, babban shekararsa 12 a lokacin. Allah ya jiƙansa ya sa jinyar ta zama kaffara, ku sa shi a addu'a.

Da na fita takaba na ɗauko maganar da likitan ya jaddada mana. Ya ce duk wanda uwa ko uba ko ɗan uwa na ciki ɗaya ya yi wannan ciwon, ba ya jiran alama. A yi masa kolonoskofi yana shekara 40, ko kuma a cire goma daga shekarun da aka gano na ɗan uwan, duk wanda ya riga zuwa. Malam yana 37 aka gano nasa, kenan 'yan uwansa da 'ya'yana daga 27 ne. Na rubuta wannan lambar a bangon fayil ɗin na nuna wa babban ɗana, na ce ko ba na raye ka kai kanka ka kai ƙannenka, har matan. Likitan ne kuma ya faɗa mana cewa a Amurka da daga 50 ake fara yi wa kowa gwajin, a 2021 suka sauko da shi 45 saboda yadda ciwon ke ƙaruwa a masu ƙananan shekaru. A Ingila kuma har gida ake aiko wa manya 'yar kwalba duk shekara biyu su sa ɗan bayan gida a duba ko akwai ɓoyayyen jinin da ido ba ya gani. Mu nan babu mai aiko maka komai, in ba ka tashi ka nema ba shi ke nan. Wancan gwajin na bayan gida akwai shi a manyan ɗakunan gwaji kuma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, amma na wanda bai ga komai ba ne. Wanda ya riga ya ga jini da idonsa, ko bayan gidansa ya canza ya ƙi komawa daidai sati da sati, ko yana ramewa ba dalili, ko an ce jininsa ya yi ƙasa ba a san ta ina ba, wannan dubawa ta ciki yake buƙata, kuma in likita bai ce zai duba ba kai ka ce masa ya duba.

Ƙanin Malam da ya yi ta wahala da mu shi bai yi gardama ba, ya ga komai da idonsa. Yana da shekara 31 lafiyarsa ƙalau ko ciwon kai ba ya yi, ya sayar da buhunan shinkafa ya je. Aka samu tsiro a hanjinsa, aka tsinke a take, gwaji ya nuna irin mai rikiɗewa ne amma bai kai ga rikiɗewar ba. Suka ba shi lokacin da zai koma a sake dubawa. Washegari yana gona. Ranar da ya dawo ya faɗa min, kuka na yi sosai har Inna ta ce ke kuwa ai abin farin ciki ne, na ce na sani Inna. Ƙanwarsu da ke aure a Taura mijinta ya fara cewa ba za a buɗe masa mata ba, sai da aka ce masa ana iya neman mace ta tsaya a wajen kuma a rufe ake yi, sannan ya bari. Ita ba a samu komai ba alhamdulillahi.

Saura Yaya, babbansu, ya haura 45. Na je har gida na durƙusa na gaishe shi na ce Yaya magana ce a bakina in ka ba ni dama. Ya ce faɗi Malama. Na faɗa. Ya ce shi da girmansa da iyalinsa ba za a zura masa roba ba, kuma in kwana ya ƙare ko a gadon likita kake sai ka tafi. Na ce haka ne Yaya, babu mai ja da wannan, amma ai duk shekara kai kake fara kai shanunka allurar rigakafi tun kafin mai unguwa ya yi shela. Ya yi dariya ya ce ke dai malamar makaranta ce, ba a kayar da ku a magana, bari a yi girbi. An yi girbin, an yi wani ma.

Satin da ya wuce matarsa ta ja ni gefe a gidan suna ta ce ta ga jarkar maganin basir a bayan buhunan ɗakinsa, kuma ya fara daɗewa in ya zaga. Na faɗa wa Inna a daren, dan ita kaɗai ce in ta yi magana ba ya musu. Ta aika a kira shi ta ce in dai ita ta haife shi zai bi ƙaninsa Kano, ta binne miji ta binne ɗa a kan abu ɗaya, ya isa haka. Ya ce toh Inna. Ƙanin ya riga ya yi magana da mai mota, kuɗin gwajin kuma mun haɗa rabi, sauran ana jiran a sayar da ɗan maraƙi ranar kasuwa.